Don Allah ku cire wa yaran nan kayan roba

Tun da bazarar nan ta kama, babu ranar rigakafin da za ta wuce ba a miƙo mini yaro da ƙuraje ba. Wuya, gadon baya, hammata, matsematsi, duk sun yi jajir. Uwar ta ce, "Malama, ko ƙyanda ce? Ya hana mu barci." Kafin in amsa nakan kai hannu in taɓa rigarsa, kuma kusan kullum amsar tana nan: roba ce.

Shekaranjiya wata ƙanwata, haihuwar fari, ta kwance goyo a gabana. Jariri ɗan wata uku, an sa masa riga mai ƙyalli, an ɗora wata mai hula, ga safa, ga shawul mai gashi, sannan aka rufa hijabi a kai. Da na zare rigar ciki sai da ta ɗiga. Na ce haba ƙanwata, ke da kika sa atamfa kina fifita da katin asibiti, shi wane laifi ya yi? A Katsina fa muke, inda zafin Afrilu ke kai digiri 40.

Na sani ba mugunta ba ce. Kayan barka ne, ko gwanjo mai sauƙin kuɗi, ga kyau a ido, ga saurin bushewa. Amma yadin roba, foliyesta ne ko nailan, daga man fetur ake yin sa, ɗan'uwan leda ne. Ba ya shan zufa. Zufar ta kwanta a fata, ƙuraje su feso, yaro ya sosa, wurin ya yi ruwa, sai maruru. Daga nan a bi shi da hoda da man shafawa kala-kala, a mayar masa da rigar nan dai. To me aka yi ke nan?

Akwai wanda ya fi ba ni tsoro. Yarinya ta matsa kusa da murhu da doguwar rigar roba, wuta ta lasa, yadin ya narke ya manne da fata. Wanda ya taɓa wanke irin wannan ƙunar ba ya mantawa.

Abin takaicin, mu ne masu auduga. Funtua, Malumfashi, Bakori, kaɗa ce ta raya su. Kakanninmu da saƙi da gwado suka yi goyo, zane ya tsufa ya zama tsumma, tsumma ya ruɓe ya bi ƙasa. Na roba kuwa ko ya mutu ba ya tafiya. Ku leƙa kwalbatin unguwarku kafin damina, za ku gan shi cuɗe da leda ya toshe hanyar ruwa. Masu tara shi su cinna wuta a tsakar gida, da teloli masu ƙona ƙyallaye da magariba, hayaƙin nan ƙirjin yara yake shiga. Ku bari.

In za ki sayi yadi, ki roƙi ɗan ƙyalle ki gwada da ashana a waje. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Roba tana tattarewa ta dunƙule baƙi ƙirin, da warin leda. Atamfa ma yanzu akwai ta roba, kada sunan ya ruɗe ki.

Da zafi riga ɗaya ta auduga, sakakkiya, ta isa. Tsohon zanenki da ya sha wanki ya fi sabon shawul. A yi wanka, a tsane matsematsi sosai, a rage hoda. Kayan ɗumi a adana su sai hunturu. Maigida, kai ke zuwa kasuwa, ka taɓa yadin da hannunka kafin ka biya. In kuwa ƙurajen sun yi mugunya, ko jiki ya yi zafi, ko yaro ya ƙi nono, ku kawo shi asibiti a ranar, kada ku jira ranar rigakafi.