Tafasa ruwa ba ya cire masa gishiri

Da yawa daga cikinmu mun taso da imanin cewa in dai ruwa ya tafasa, to ya zama na sha. Wajen kashe ƙwayoyin cuta, haka ne. Amma ruwan zartsi fa? Ɗora shi a murhu, ka bar shi ya yi ta tafasa, sannan ka ɗanɗana: zartsin ƙaruwa ya yi. Ruwan ne ke tashi ya zama tururi, gishirin kuwa ya zauna daram, har ka ga farin ɓawo ya kama gefen tukunya.

Ruwan shan yana cikin tururin nan da muke bari ya bi iska, shi ake tarewa. A 1872, a Las Salinas da ke hamadar Atakama ta ƙasar Chile, an shimfiɗa baƙaƙen kwamaye marasa zurfi, aka zuba ruwan zartsi a ciki, aka rufe su da gilashi a karkace. Rana ta gasa ruwan, tururi ya taru a jikin gilashin kamar raɓa, ya gangaro cikin magudana. Fili mai kusan murabba'in mita 4,700 ya riƙa ba ma'aikatan ma'adinai da alfadaransu sama da lita 20,000 kullum. In ka raba, kowane murabba'in mita bai wuce lita 5 ba. Kaɗan ne ƙwarai!

Akwai wata hanyar kuma: a garin Kiunga, bakin tekun Kenya, tun 2018 wutar sola ce ke tura ruwan gishiri da ƙarfi ta cikin wani mataci wanda gishiri ba ya iya ratsawa.