Saƙon sabunta sabar da muke gogewa, da abin da dokar kare bayanai ta 2023 ta ce a kai

Shekaranjiya bayan la'asar muna zaune a gindin darbejiyar ƙofar ofishin ƙungiyar manoman riɗi ta garinmu, nan gefen Gumel, sai shugaban ƙungiyar ya miƙo min wayarsa ya ce, "Ɗana duba min wannan saƙon, kullum sai ya shigo kuma da Turanci, ni dai gogewa nake." Ina dubawa na ga imel ne daga Webmin, manhajar da ake kula da sabar ɗinsu da ita, tana cewa akwai sabuntawa da ke jira kuma wasu na tsaro ne. Na ce Baba Alhaji tun yaushe yake zuwa? Ya ce tun kafin damina. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don a cikin sabar ɗin nan akwai sunan kowane mamba da lambar wayarsa da NIN da BVN da bashin takin da ake binsa, har na matan da ke adashe.

Sabar ita ce kwamfutar da ke riƙe da bayanan, wasu na ce mata uwar garke, ko tana ɗaki a ofis ko an yi hayarta a intanet duk ɗaya ne. Manhajojin cikinta kullum ana gano musu ɓaraka, masu su sai su fitar da gyara, shi ne sabuntawar, wato afdet. To matsalar ita ce ranar da aka sanar da gyaran ranar ce ɓarayin intanet su ma suka san inda ramin yake, wanda bai toshe nasa ba ya zama kamar rumbun da kowa ya san gara ta ci gindinsa.

Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta raba mutane biyu. Akwai mai iko da bayanan, wato wanda ya yanke shawarar a tara su da abin da za a yi da su, a nan ƙungiya ce da shugabanninta, a wani wurin makaranta ce ko asibiti ko kantin magani. Sai mai sarrafa su a madadinsa, irinmu masu kula da sabar kenan. Sashe na 39 ya ɗora wa dukkansu biyun nauyin ɗaukar matakan tsaron da suka dace, har da gwada matakan da sabunta su lokaci-lokaci saboda haɗarin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kenan Alhaji ba zai ce ai na ba yaron kwamfuta ba ruwana, ni ma ba zan ce ai ba a tambaye ni ba. Dokar kuma tana son a samu rubutacciyar yarjejeniya tsakanin su biyun, abin da a ƙauyukanmu kusan ba a yi, amana ce kawai da musafaha.

Sashe na 40 shi ne mai zafi. In aka kutsa aka kwashi bayanai, mai kula da sabar dole ya sanar da mai bayanan ba tare da jan ƙafa ba, shi kuma in abin zai iya cutar da mutane yana da awa 72 daga lokacin da ya sani ya kai rahoto hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, in haɗarin babba ne kuma sai an faɗa wa su mutanen da kansu cikin harshen da za su gane. Tarar ƙaramar ƙungiya tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarta na shekarar da ta wuce, duk wanda ya fi yawa, manya kuma miliyan 10 ko kashi 2. Amma ni ba tarar ce ta fi damuna ba, tsohuwar da za a kira a waya a karanto mata BVN ɗinta daidai har ta yarda daga banki ne, ita nake tunani.

Kar wani ya ce wa zai kula da sabar ƙauye, ai ba mutum ne ke zaune yana zaɓa ba, inji ne ke bin adireshin intanet ɗaya bayan ɗaya yana taɓa ƙofa. A 2017 Microsoft ta fitar da gyara a watan Maris, a watan Mayu cutar WannaCry ta bi waɗanda ba su saka ba ta kulle kwamfutocinsu, har asibitocin Ingila sai da suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Gyaran yana nan wata biyu, sakawa ce ba a yi ba. Tarayyar Turai ma ta yi dokar da ta fara aiki a Disambar 2024, za ta kankama gaba ɗaya a Disambar 2027, ta tilasta masu yin manhaja su ba da gyaran tsaro kyauta tare da bayanin abin da mai amfani zai yi, su kuma faɗi ranar da za su daina tallafi.

Wannan ranar daina tallafin ita ce abin da 'yan'uwana masu wannan sana'a suka fi ɓoyewa, wasu don kunya wasu don kar a ce kuɗi suke nema. Cikin manyan manhajojin da sabar ke tafiya a kansu, CentOS 7 ta daina samun gyara tun 30 ga Yunin 2024, Ubuntu 20.04 tallafinta na kyauta na shekara 5 ya ƙare a Mayun 2025, wanda ke kansu har yau zai iya ganin allo shiru babu sabon saƙo ya ɗauka lafiya ce alhali an daina aiko masa ne.

Sai ɗaya gefen, na masu danna afdet ba sallama. Na taɓa ganin wanda ya ɗaga PHP, manhajar da shafin intanet ɗinsu ke aiki da ita, daga siga ta 7 zuwa ta 8 da hantsi ranar kasuwa, mutane sun yi layi a rana za su karɓi kuɗin riɗinsu shafi ya ƙi buɗewa, sai bayan magariba aka samu kansa. A jerin lambobin sigar manhaja, lambar farko in ta canja babban sauyi ne da zai iya karya abin da ke aiki, ta ƙarshe yawanci ƙaramin gyara ce. Don haka sanarwar da ta dace ba turo wa dattijo imel ɗin Turanci ba ne, a'a ka faɗa masa da Hausa me za a gyara, na tsaro ne da ba ya jira ko na ƙarin kwalliya ne, wace rana da wane lokaci, minti nawa shafin zai tsaya, an kwafi bayanan an ajiye ko ba a yi ba, in ya lalace wa za a kira. In an gama ka sake faɗa, ka rubuta a littafi da kwanan wata, don ranar da hukuma ta tambayi matakin da kuka ɗauka wannan littafin ne shaidarku.

Mun tsayar da Baba Alhaji cewa imel ɗin Webmin zai riƙa zuwa min ni da sakatare, ni kuma duk Litinin zan tura muryata a zauren WhatsApp na shugabanni. Na wannan satin na riga na tura, Juma'a bayan isha'i za mu kwafi komai a filasha biyu, ɗaya a akwatin ofis ɗaya a hannun ma'aji, sannan mu saka na tsaron tukuna, sauran sai an gama awon riɗi.