Rarrabuwa da Haɗin Kai Tsakanin Masu Bi a Koyarwar Littafi Mai Tsarki

Rarrabuwa da haɗin kai tsakanin masu bi batu ne da ya ratsa Littafi Mai Tsarki na Kirista, musamman Sabon Alkawari, inda yawancin wasiƙun manzanni suka taɓo wata ɓaraka da ta kunno kai a cikin jama'a. Koyarwar ta tsayu a kan cewa ikkilisiya ɗaya ce domin Ubangijinta ɗaya ne, kuma wannan ɗayantaka baiwa ce daga Allah wadda aka danƙa wa masu bi amanarta. Sai dai nassosin ba su ɓoye cewa tun manzanni na raye ake samun saɓani ba, har ma akwai ayoyin da suka ce a rabu da wasu mutane. Abin lura shi ne, sau da yawa rikicin yakan fito fili ne a wurin cin abinci: wa zai zauna da wa, wa zai sa hannu a akushi ɗaya da wa.

Kalmomin da nassi ya yi amfani da su

Da Helenanci aka rubuta Sabon Alkawari. Kalmar da ake fassarawa da rarrabuwa ko tsattsaguwa ita ce "skisma", asalin ma'anarta kuwa yagewar tufa. Ita ce ta zo a Markus 2:21, inda Yesu ya ce in aka yi wa tsohuwar riga maho da sabon ƙyalle, yagewar za ta fi ta dā muni. Akwai kuma "hairesis", wadda da farko take nufin ɓangare ko ƙungiya, kamar ta Farisiyawa da ta Sadukiyawa, sai daga baya ta ɗauki ma'anar karkatacciyar koyarwa. Kishiyarsu ita ce "koinoniya", wato tarayya ko zumunci, kalmar da ke nufin mallakar abu ɗaya tare.

Tsohon Alkawari

Zabura ta 133 ta yaba zaman 'yan'uwa tare cikin haɗin kai, ta kwatanta shi da man keɓewa da ke gangarowa a gemun Haruna. Amma tarihin Isra'ila ya ɗanɗani akasin haka. Bayan rasuwar Sulemanu, wajen shekara ta 930 kafin haihuwar Almasihu, ɗansa Rehobowam ya ƙi shawarar dattawa ta ya sassauta wa talakawa, sai kabilun arewa suka ɓalle suka bi Yerobowam (1 Sarakuna 12). Ɗaruruwan shekaru bayan haka aka umarci annabi Ezekiyel ya ɗauki sanda biyu, ɗaya da sunan Yahuza, ɗaya da sunan Yusufu, ya haɗa su su zama ɗaya a hannunsa, alamar cewa Allah da kansa zai sake ɗinke jama'arsa (Ezekiyel 37).

Addu'ar Yesu

Nassin da aka fi jingina da shi yana Yohanna 17:20-23. A daren da za a kama shi, Yesu ya yi addu'a domin almajiransa da duk waɗanda za su ba da gaskiya ta hanyar maganarsu, ya roƙa su zama ɗaya kamar yadda shi da Uba suke ɗaya, domin duniya ta gaskata cewa Uba ne ya aiko shi. Abu biyu suka fito a nan. Ma'aunin haɗin kan shi ne dangantakar Uba da Ɗa, sannan an ɗaure shi da shaida, wato abu ne da ya kamata na waje ya iya gani da idonsa. Luka 22:24 ya ƙara wani bayani mai sosa rai: a wannan daren, a kan wannan teburin, almajiran suna gardamar wane ne babba a cikinsu.

Akwai kuma labarin da ke Markus 9:38-40. Yohanna ya kawo rahoto cewa sun hana wani mutum fitar da aljanu da sunan Yesu saboda ba ya cikin ayarinsu. Yesu ya ce kada su hana shi, domin wanda ba ya gāba da su nasu ne.

Teburin ikkilisiyar farko

Ayyukan Manzanni 4:32 ya ce taron masu bi a Urushalima zuciyarsu ɗaya ce, ransu ɗaya. Babi biyu kacal bayan wannan sai ga gunaguni: Yahudawa masu jin Helenanci sun koka cewa ana tsallake matansu da mazajensu suka rasu a rabon abinci na kullum. Manzannin ba su ce a yi haƙuri a rufe maganar ba. Sun sa jama'a ta zaɓi mutum bakwai su riƙe aikin, kuma dukkan bakwai ɗin, har da Istifanas da Filibus, sunayen Helenanci gare su. Masu sharhi da dama suna ganin alama ce ta cewa an miƙa ragamar rabon ga ɓangaren da ya yi kukan.

Babbar jarrabawa ta zo ne da shigowar Al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba. Shin sai sun yi kaciya sun bi Shari'ar Musa kafin a karɓe su? A Antakiya, in ji Bulus a Galatiyawa 2:11-14, Bitrus yana cin abinci tare da Al'ummai ba tare da wata damuwa ba, har wasu mutane suka zo daga wurin Yaƙub, jagoran ikkilisiyar Urushalima. Da ganinsu sai ya fara janye jiki, sauran Yahudawa suka bi sahunsa, har Barnaba abokin aikin Bulus. Babu wanda ya yi huɗuba cewa Al'ummai ba su da ceto. Tashi kawai aka yi daga wani wurin zama aka koma wani. Amma Bulus ya ɗauki wannan tashi a matsayin kauce wa gaskiyar bishara, ya tsawata wa Bitrus a gaban kowa. Majalisar da ta zauna a Urushalima wajen shekara ta 49 (Ayyukan Manzanni 15) ta yanke cewa ba za a ɗora wa Al'ummai kaciya ba, sai dai su guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da naman dabbar da aka maƙure, da fasikanci. Uku daga cikin huɗun nan batun abinci ne, kuma malamai da yawa na ganin manufarsu ita ce a samu damar zama a ci tare.

A ƙarshen wannan babin Bulus da Barnaba suka yi saɓani mai zafi a kan Yohanna Markus, kowa ya kama gabansa. Nassi bai ce wane ne mai gaskiya ba, amma 2 Timoti 4:11 ta kira Markus mai amfani ga hidimar Bulus.

Korinti

Babu inda aka baje wannan batu dalla-dalla kamar wasiƙar farko zuwa ga Korintiyawa, wadda Bulus ya rubuta daga Afisa wajen shekara ta 54. Ya yi wata 18 a Korinti yana kafa ikkilisiyar, sai ga labari daga mutanen gidan Kuluwi cewa an rabu gida-gida: wannan na Bulus ne, wancan na Afollos, wani mai wa'azi, wani na Kefas, wato Bitrus, wani kuma ya ce shi na Almasihu ne. Bulus bai goyi bayan masu kiran sunansa ba. Da su ma ya fara, ya tambaye su ko Bulus aka gicciye dominsu, ko da sunan Bulus aka yi musu baftisma. Ya ce shi ya shuka, Afollos ya yi ban ruwa, amma Allah ne ya sa tsiron ya girma.

Babi na 11 ya nuna abin kusa da kusa. A wancan zamani Jibin Ubangiji, wato cin gurasa tare don tunawa da mutuwar Yesu, cikakken abinci ne da ake ci a gidan wani mai hali. Masu wadata sukan ci nasu ba tare da jiran kowa ba, har wani ya bugu, alhali wani yana zaune da yunwa. Masana na ganin masu yunwar su ne bayi da 'yan ƙwadago, waɗanda ba su da ikon barin aiki da wuri. Hukuncin Bulus mai tsauri ne: wannan da kuke ci ba Jibin Ubangiji ba ne, kun raina ikkilisiyar Allah, kun kunyata marasa shi. Maganin da ya bayar kuwa gajere ne, in kun taru ku jira juna. Tun a 10:17 ya riga ya kafa dalili, cewa da yake gurasar ɗaya ce, masu cin ta jiki ɗaya ne komai yawansu.

Daga nan ya shiga misalin jiki da gaɓoɓi a babi na 12. Romawa sun san wannan misali, domin shugabanninsu sun taɓa amfani da shi wajen lallashin talakawa su ci gaba da yi wa manya hidima. Bulus ya juya shi: gaɓoɓin da ake gani raunana su ne ba a iya yi sai da su, kuma Allah ya ba wanda ya rasa daraja ƙarin daraja domin kada a sami "skisma" a jiki. Babi na 13 a kan ƙauna, wanda aka saba karantawa a wurin ɗaurin aure, jama'a mai rigima aka rubuta wa shi.

Afisawa da Romawa

Afisawa 2:14 ta ce Almasihu ya rushe katangar gāba da ta raba Bayahude da Ba'al'umme. A Haikalin Urushalima akwai shinge na dutse mai ɗauke da gargaɗi cewa duk baƙon da ya ƙetare shi, alhakin mutuwarsa na wuyansa. An gano ɗaya daga cikin allunan a 1871, yana Istanbul a yau. Babi na 4 na Afisawa ya jero abu bakwai: jiki ɗaya, Ruhu ɗaya, bege ɗaya, Ubangiji ɗaya, bangaskiya ɗaya, baftisma ɗaya, Allah ɗaya Uban kowa. Aya ta 3 ta ce a kiyaye ɗayantakar Ruhu, abin da ke nuna tana nan tun tuni, aya ta 13 kuma ta yi maganar ɗayantakar bangaskiya da ake fatan kaiwa gare ta.

Romawa 14 ta koma kan abinci. Wani yana cin komai, wani ganye kawai, wani yana girmama wata rana, wani duk ranaku ɗaya ne a wurinsa. Bulus yana da ra'ayinsa, bai kuma ɓoye shi ba, amma bai tilasta wa kowa ba. Mai ci kada ya raina marar ci, marar ci kada ya hukunta mai ci, domin Allah ya karɓe shi.

Ayoyin rabuwa

Wanda ya tsaya a nan bai ba nassi haƙƙinsa ba. Yesu ya ce zuwansa zai raba gida ɗaya, uku gāba da biyu (Luka 12:51-53), ko da yake wannan tsakanin mai karɓarsa ne da mai ƙinsa. A cikin jama'a kuwa, Matiyu 18:15-17 ya shimfiɗa matakai: a fara gaya wa mai laifi a keɓe, sannan a gaban shaidu, sannan a gaban ikkilisiya. A 1 Korintiyawa 5 an ce kada ma a ci abinci da wanda ake kira ɗan'uwa alhali ya nace wa mugun hali. Galatiyawa 1:8 ta la'anci mai kawo wata bishara dabam, Titus 3:10 kuma ta ce a rabu da mai raba kan jama'a bayan gargaɗi na ɗaya da na biyu. Wahalar da ta dami kowane zamani ita ce tantance wace matsala ce ta Romawa 14, wace ce ta Galatiyawa 1. Ba ƙaramin ɓarna aka yi ba a tarihi saboda an ɗauki ta farko a matsayin ta biyu.

Bayan manzanni

Wajen shekara ta 96 ikkilisiyar Roma ta rubuta wa Korinti wasiƙa, wadda ake danganta wa Kilemen, ɗaya daga cikin shugabanninta, saboda an tsige wasu dattawa. A 251 Kifriyanus na Kartaj ya kwatanta ikkilisiya da rigar Yesu marar ɗinki wadda sojoji suka ƙi yagawa. Majalisar Kustantiniya ta 381 ta sa kalmar "ɗaya" a cikin shaidar bangaskiya game da ikkilisiya. Duk da haka an rabu bayan majalisar Afisa ta 431 da ta Kalsidon ta 451, ikkilisiyar Gabas (Otodoks) da ta Yamma (Katolika) suka yi baram-baram a 1054, sannan gyaran da Martin Luta ya fara a 1517 ya raba Yamma kanta.

Kowane ɓangare da yadda yake karanta Yohanna 17. Katolika na ganin cikar haɗin kai tana buƙatar tarayya da bishop na Roma. Otodoks na ɗora ta a kan bangaskiya ɗaya da tarayyar bishop-bishop. Shaidar Augsburg ta 1530, ta Lutarawa mabiya Luta, ta ce yarjejeniya a kan bishara da sakramenti, wato baftisma da Jibin Ubangiji, ta wadatar, ba sai al'adu sun zama iri ɗaya ba. Wasu masu bishara kuma suna cewa haɗin kan na ruhu ne, ya riga ya haɗa duk masu bi na gaskiya.

Ƙarni na 20 ya kawo yunƙurin ɗinke ɓaraka: taron mishan na Edinbura a 1910, kafa Majalisar Ikkilisiyoyi ta Duniya a Amsterdam a 1948, da janye tsinuwar 1054 da Fafaroma Bulus na 6 da Fatriyak Atenagoras, jagoran Otodoks a Kustantiniya, suka yi a 1965. A 1999 Katolika da Lutarawa suka sa hannu a kan sanarwar haɗin gwiwa game da barata, wato yadda Allah ke karɓar mai zunubi a matsayin mai adalci. Teburin ne dai ya fi wuya. Luta da Zwingli, jagoran gyara a Suwizalan, sun kasa daidaitawa a kan Jibin Ubangiji a Marburg a 1529, kuma sai a 1973, shekara 444 bayan haka, yarjejeniyar Leuenberg ta buɗe wa magadansu a Turai hanyar ci tare. Tsakanin Katolika da Otodoks da Furotesta kuwa, ana addu'a tare, musamman a makon 18 zuwa 25 ga Janairu na kowace shekara, amma a bisa ƙa'ida har yanzu kowa a teburinsa yake karɓar gurasa.