Waiwaye: Yadda gwaiduwar ƙwai ta koma ajin zane

A makarantun koyon zane na Turai da Amurka ana ta ja-in-ja kan ɗalibin da ake sa shi ya kwashe makonni yana kwaikwayon hoton Maryamu na tsoffin majami'un Italiya. Wasu na ganin ɓata lokaci ne, wasu na cewa nan ne hannu ke buɗewa. Ruwa dai ba ya tsami banza.

A wajen shekarar 1400, mai zanen Italiya Cennino Cennini ya rubuta littafin sana'ar zane, inda ya shawarci almajiri ya zaɓi gwani guda ya riƙa kwaikwayonsa. Shi kansa shekara 12 ya yi a gaban malaminsa, mai zane Agnolo Gaddi. Daga baya fentin mai ya ture na ƙwai, wato garin launi da ake kwaɓawa da gwaiduwa, a 1841 kuma aka ƙirƙiro bututun da ake sayar da fenti haɗaɗɗe a ciki. A ganina nan gizo ke saƙar: mai zane ya daina niƙa launinsa, hannu ya manta abin da ya sani.

Akwai matar da ba a cika ambata ba, Christiana Herringham ta Ingila. A 1899 ta fitar da fassarar littafin Cennini, amma ba a kan tebur kaɗai ta yi aikin ba. Ta yi shekaru tana kwaikwayon tsoffin zanen Italiya da gwaiduwa, tana gwada abin da ya faɗa da hannunta. A 1901 ita da abokan aikinta suka kafa ƙungiyar masu zane da fentin ƙwai. Da wannan ne kwaikwayo ya zama hanyar bincike. Wanda ya shafe katako da alli da manne, ya shimfiɗa jar ƙasa, ya ɗora zinariyar da numfashi kaɗai ke iya hurewa, ya goge ta da haƙorin kare har ta yi sheƙi, ya san abin da ido ba zai gaya masa ba. Cennini har ya bambanta ƙwan kajin birni, mai hasken gwaiduwa, don fuskar matasa, da na ƙauye don fuskar tsofaffi. Wannan kulawar tana taɓa ni ƙwarai.

Jami'ar Harvard ta Amurka ta ɗauki salon a shekarun 1920, wani masani Daniel Thompson kuma ya sake fassara littafin Cennini a 1933. Yau ɗalibin da ya fara shimfiɗa koren launi na ƙasa kafin ya ɗora launin fata yakan gane dalilin da ya sa fuskoki da yawa a zanen ƙarni na 14 suka koma kore: launin saman ne ya goge, na ƙasan ya bayyana.