Waiwaye: Ƙananan abokan gaba da suka koya mana wasa a Game Boy

Duk wanda ya taɓa riƙe Game Boy, ƙaramar na'urar wasa ta hannu ta kamfanin Nintendo, ya san su: 'yan halittun nan da ke tahowa a sannu, ba makami, ba wayo, har ka zo ka taka su. Mutane sun fi tuna manyan dodannin ƙarshen mataki, amma a ganina ƙananan nan ne suka ɗauki aikin da ya fi nauyi. Yaron da bai iya Japananci ko Turanci ba, a wurinsu ya koyi wasan, ba tare da ya karanta ko harafi ɗaya ba.

Tushen abin ya girmi na'urar hannu. Lokacin da Nintendo ke haɗa Super Mario Bros. na 1985, masu gwaji suka ce kunkurun Koopa Troopa ya yi wa sabon shiga tsauri, domin in an taka shi ba ya mutuwa, sai dai ya shige ƙoƙonsa. Nan aka ƙirƙiro Goomba, ɗan abokin gaba da taku ɗaya ke kashewa, a ƙurarren lokaci, wanda Japanawa ke kira Kuribo. Wuri ya kusa ƙarewa a kaset ɗin, saboda haka hoto ɗaya tak aka zana masa, ana juya shi hagu da dama, ido ya ga kamar tafiya yake.

Da Game Boy ya fito a Japan a Afrilun 1989, ƙarƙashin jagorancin Gunpei Yokoi, sai ƙuncin ya ƙaru. Fuskarsa ɗigo 160 ce a kwance, 144 a tsaye, launi huɗu kacal masu kore-kore, kuma ba fitila a ciki. Super Mario Land ya zo da ɗan ƙanin Goomba mai suna Chibibo, ɗan mitsitsi, sai ka karkata na'urar wajen haske kafin ka gan shi da kyau. Tsalle ɗaya, ya baje. Shi ke ba ka ƙarfin gwiwa kafin ka haɗu da Nokobon, kunkurun da ke fashewa jim kaɗan bayan an taka shi. Wanda ya tsaya kallo a gefensa ya gane kurensa.

Wanda ya fi shiga raina shi ne Waddle Dee. Masahiro Sakurai na kamfanin HAL Laboratory ya tsara Kirby's Dream Land na 1992 musamman domin waɗanda ba su taɓa wasa ba, kuma wannan halitta ita ce shaidar hakan. Ƙwallo ne mai ƙafa biyu da idanu, ko baki ba shi da shi. Tafiyarsa kawai yake, wani ma da lema yake saukowa daga sama. In ka yi karo da shi za ka ji ciwo, amma ba ya farautarka. A kansa ake koyon zuƙe abokin gaba a kuma tofar da shi. Ko da aka ba Kirby, tauraron wasan, ikon kwaikwayon baiwar abin da ya haɗiye a 1993, Waddle Dee marar lema bai da wata baiwa da za a ɗauka.

Wario Land na 1994 ya kai abin ƙarshe. Akwai Pirate Goom mai mashi, akwai kuma ɗan'uwansa Wanderin' Goom da ke yawo hannu rabbana, ba ya iya yi wa Wario, tauraron wasan, komai. An sa shi ne don ka gwada bangaza da ɗauka da jifa hankali kwance.

Daga baya masu wasa suka ƙaunaci Waddle Dee har matsayinsa ya canza. A 2011 wanda ke ɗaure da shuɗin ɗankwali ya zama abokin tafiyar Kirby da ake iya wasa da shi, a 2022 kuma, cikin Kirby and the Forgotten Land, su ne waɗanda aka kulle a keji, kai ne kake bi kana ceto su, suna komawa suna gina garinsu.