Haƙƙoƙin Wanda Ake Zargi da Wanda Ake Tuhuma a Tsarin Mulkin Najeriya

Haƙƙoƙin wanda ake zargi su ne kariyar da doka ta bai wa mutum tun daga lokacin da jami'in tsaro ya ɗora masa hannu har zuwa ranar da alƙali ya yanke hukunci. A Najeriya suna cikin Babi na Huɗu na Kundin Tsarin Mulki na 1999, musamman sassa na 34, 35 da 36. Sun shiga kundin samun 'yancin kai na 1960 ne, bisa shawarar hukumar Willink ta 1958 wadda ta binciki koke-koken ƙananan ƙabilu. Ana kiran mutum "wanda ake zargi" muddin yana hannun masu bincike. Da zarar an karanta masa laifinsa a kotu, ya zama "wanda ake tuhuma".

Kamu da tsarewa

Sashe na 35 shi ne ke kula da mutum a caji ofis, kuma nan ne aka fi tauye haƙƙi, domin babu alƙali, sau da yawa kuma babu lauya. Wanda aka kama yana da ikon yin shiru, ya ƙi amsa kowace tambaya sai ya gana da lauya ko wani mutum da ya zaɓa. Dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Dole kuma a gurfanar da shi gaban kotu cikin kwana 1 idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40. Idan babu, kwana 2 ne, ko wani lokacin da kotu ta ga ya dace. Wanda ke tsare aka kai wata 2 ba a yi masa shari'a ba, kundin ya ce a sake shi, ko da bisa sharaɗi ne. Wannan wa'adi bai shafi wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne ba. Wanda kuwa aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a.

Dokar Tafiyar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA, ta zo ta toshe wasu kafofi da jama'a suka daɗe suna kuka a kansu. Sashe na 7 ya haramta kama wani a madadin wani, wato abin nan na ɗauke uba ko mata don an rasa wanda ake nema. Sashe na 8 ya hana kama mutum saboda rikicin bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. Dokar ta tabbatar cewa mace za ta iya tsaya wa mutum a beli, ta kuma wajabta wa majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda kowane wata don ganin waɗanda ke tsare. Dokar ta shafi kotunan tarayya da Abuja ne, sai jihohi suka yi nasu: Kaduna a 2017, Kano a 2019.

Beli a hannun 'yan sanda kyauta ne, kuma a kan ga an rubuta haka a bangon ofisoshinsu. Duk da haka iyalai da dama ba sa karɓar ɗan'uwansu sai sun ba da wani abu, yawanci saboda tsoro ko rashin sanin doka.

Azabtarwa da amsa laifi

Sashe na 34 na kundin tsarin mulki ya haramta azabtarwa da wulaƙanta ɗan Adam. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta mayar da hakan laifi mai ɗaurin da zai iya kai wa shekara 25. Batun yana da nauyi ƙwarai, domin shari'o'i da yawa a kan takardar amsa laifi kaɗai suke tsayawa. Sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce kotu ba za ta karɓi iƙirarin da aka samo ta hanyar tursasawa ba. Idan wanda ake tuhuma ya ce dukansa aka yi kafin ya sa hannu, a kan dakatar da shari'ar a binciki yadda aka ɗauki bayanin, kuma mai gabatar da ƙara ne zai tabbatar cewa da yardarsa ya yi magana. Zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020, ta neman a rushe rundunar 'yan sanda ta SARS, ta samo tushe ne daga irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe.

A gaban kotu

Sashe na 36 ya ginu a kan cewa mutum ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar da laifinsa. Nauyin kawo hujja yana kan mai ƙara, ƙa'idar da masu karatun fiƙihu suka sani tun da daɗewa. Ana yin shari'a a bainar jama'a. Wanda ake tuhuma yana da ikon a ba shi isasshen lokaci ya shirya, ya kare kansa da bakinsa ko ta lauyan da ya zaɓa, ya yi wa shaidun ɗaya ɓangaren tambayoyi, ya kuma kira nasa. Ba a tilasta masa ba da shaida. Idan ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi, sai a kawo masa tafinta kyauta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga Bahaushe ko Bafulatanin da aka gurfanar a babbar kotu, inda komai da Turanci ake yi. Bayan hukunci yana da haƙƙin samun kwafinsa cikin kwana 7.

Ba a yi wa mutum shari'a sau biyu a kan laifi ɗaya bayan an wanke shi ko an hukunta shi, sai da umarnin kotu ta sama. Ba a hukunta shi a kan abin da ba a rubuta a doka ba: a shari'ar Aoko da Fagbemi ta 1961 babbar kotu ta soke hukuncin da kotun gargajiya ta yanke wa wata mata kan zina, saboda babu rubutacciyar doka da ta sa hakan ya zama laifi a Yankin Yamma. Haka kuma doka ba ta komawa baya. Wannan yana cikin dalilan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Sakkwato ta dogara da su wajen wanke Safiya Husaini daga tuhumar zina a Maris 2002, domin abin da ake zarginta da shi ya faru kafin dokar jihar ta fara aiki.

Masu jiran shari'a

Babban rauni a tsarin shi ne tsare mutum da umarnin majistaren da ba shi da hurumin sauraron laifin, kamar fashi da makami ko kisa, ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a. Kotun Ƙoli ta amince da halaccin irin wannan tsarewa a shari'ar Lufadeju da Johnson ta 2007. Dokar 2015 ta ƙayyade umarnin farko zuwa kwana 14, tare da iyakance sabunta shi. Duk da haka kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen gyaran hali a ƙasar masu jiran shari'a ne, kuma akwai waɗanda suka zauna fiye da wa'adin da za a ɗaure su da an same su da laifin.

Wanda aka tauye wa haƙƙi zai iya kai ƙara babbar kotun jiha ko ta tarayya bisa sashe na 46 na kundin tsarin mulki, kuma ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara na 2009 sun ba wani damar shigar da ƙarar a madadin wanda ke tsare. Marasa halin ɗaukar lauya za su iya neman taimakon Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa.