Me ya sa inshorar gwamnati a Amurka take biyan masu hana ramuwar gayya?

Wai wace inshora ake magana?

Medicaid ce, inshorar lafiyar masu ƙaramin ƙarfi da aka kafa a 1965. Gwamnatin tarayya da jihohi ke haɗa kuɗin, tarayya na bada aƙalla rabi.

To meye haɗin inshora da faɗan unguwa?

Haɗi kam akwai. Za a kawo yaro an harbe shi, likitoci su kwana a kansa su ciro harsashi su ɗinke, inshora ta biya maƙudan kuɗi, sai a sallame shi ya koma unguwar da aka harbe shi, abokai na ta zuga shi wai sai an rama, kafin ka ce kwabo ya dawo gadon asibiti ko kuma an kai shi maƙabarta. A 2021 kaɗai mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka, har da waɗanda suka kashe kansu.

Su waye masu aikin, me suke yi?

Yawanci 'yan unguwa ne, wasu ma su kansu an taɓa harbinsu ko sun yi zaman gidan yari, shi ya sa yaran ke jin maganarsu. Tun yaro na kwance suke zuwa su zauna da shi da danginsa su kwantar musu da hankali, bayan sallama su bi shi watanni, su raka shi ganin likita, su nema masa aiki ko makaranta, in ta kama ma a sauya masa wurin zama. A birnin Oakland na jihar Kalifoniya aka fara irin wannan a 1994.

Da can wa ke biyansu?

Tallafi ne na shekara ɗaya ko biyu, in ya ƙare shikenan ma'aikaci ya kama gabansa, yaran da suka amince da shi kuma a bar su haka nan. Wannan shi ya fi ƙona min rai wallahi. A 2021 gwamnatin Biden ta ce jihohi za su iya biya ta Medicaid, jihar Connecticut ta yi doka a shekarar, Kalifoniya ta bi a 2022.

Kenan an gama da matsalar?

Ina! Jihohi ƙalilan ne suka shiga, kuma ƙananan ƙungiyoyin unguwa na shan wahalar cike takardun neman biya, ga ƙorafin kuɗin da ake badawa bai kai wahalar aikin ba. Sannan sai wanda ke cikin Medicaid ake biya wa.